Sai Na Ajiye Sandar Nan: Littafin Aikina a Wasan Kalin na Dattijai

14 Oktoba 2024

Yau na sayi ƙaramin littafi mai baƙin bango don wannan aiki kaɗai, saboda na san halina. Abin da ban rubuta ba, bayan mako biyu sai in rantse ban taɓa yin alkawarinsa ba.

Hunturu biyu ke nan ina zuwa wani kulob a nan Saint John, cikin lardin New Brunswick na Kanada, ina wasan da Turawa ke kira curling, mu kuwa a gidana bakinmu ya mayar da shi kalin. Ga wanda bai taɓa gani ba, fili ne na ƙanƙara mai tsawon kusan mita 45, a kowane ƙarshensa an zana da'irori masu launi da ake ce wa gida. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace mutum huɗu, kowa da duwatsu biyu. Mutum ya tura dutse ya sulale, abokansa biyu su bi shi da tsintsiya suna gogar ƙanƙarar da ke gabansa. In duwatsu 16 suka ƙare, turmi ɗaya ya cika, sai a duba wanda dutsensa ya fi kusa da cibiyar gida.

Maƙwabcina ne ya ja ni, wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, bayan ya lura daga Nuwamba zuwa Afrilu ba na fita sai aiki da masallaci. Tun da na fara kuwa a tsaye nake wasa. Akwai wata sanda mai baki da ake saƙalawa a mariƙin dutse, mutum ya tako ya tura, ba durƙuso ba tsugunno. An yi ta ne don masu ciwon gwiwa da baya, ni kuma na same ta ta yi mini daidai.

To, makon jiya maƙwabcin nan, wanda shi ne kyaftin, ya ce su uku suna neman na huɗu don su kafa ƙungiyar dattijai, wato 'yan shekara 50 zuwa sama. Hanyar a bayyane take: a ci gasar lardi, a je ta ƙasa, wanda ya ci ta ƙasa shi ke ɗaukar tutar Kanada zuwa gasar duniya ta dattijai, wadda aka fara a 2002 a Bismarck ta Amurka. Babu wanda ke mafarkin kofin duniya a cikinmu, bakin ƙofar lardi muke nema. Amma dokar hukumar kalin ta duniya ta hana sanda in ba a gasar masu keken guragu ba, kyaftin kuma ya ce duk wanda ya hau wannan hanya ya bi ƙa'idarta tun daga tushe. Aikin da ke gabana ke nan: in ajiye sanda, in koyi sulu irin na kowa, ina da shekara 52 da gwiwar hagu mai ƙara kamar tsohuwar ƙofar langa-langa.

Uwargida ta saurare ni har na gama, ta ce, "Maigida, kai da ke dafa bango in za ka miƙe daga tahiya?"

29 Oktoba

Na ci ƙasa sau huɗu, in dai ƙanƙara ƙasa ce.

Ga yadda abin yake. Bahago ya juya lissafin, amma ni da ke amfani da dama, ƙafar dama nake kafawa a wani mataki na roba da aka dasa cikin ƙanƙara. Ƙafar hagu tana cikin takalmi mai tafin Teflon, santsinsa ya fi na kuɓewa. Sai in tunkuɗa da dama, duk nauyina ya koma kan hagu, gwiwa a lanƙwashe, ƙafar dama tana jan ƙasa a baya. Dole a saki dutse kafin ya kai jan layin da ke gaba. Ni ko layin ban kai ba, sai in karkace in zube gefe guda kamar buhun gero.

An ba ni aron wata madogara ta roba da ake riƙewa a hagu maimakon tsintsiya. Ita doka ba ta hana ba. Na kuma sayi hular kariya, don faɗuwa ta huɗu ƙeya ce ta fara sauka.

17 Nuwamba

Sulu goma a jere ba faɗuwa, amma dutse na zuwa inda ya ga dama.

Na iso da wuri yau, na tarar da mai gyaran ƙanƙara yana aikinsa, na tsaya kallo. Goye yake da tankin ruwa, yana tafiya da baya da baya, yana kaɗa wani bututu mai ƙananan huji hagu da dama, kamar mai yayyafa wa tsakar gida ruwa kafin shara. Ɗigon na sauka ya daskare, filin ya yi ƙuraje-ƙuraje. Daga nan ya bi da wata wuƙa mai faɗi ya aske kawunansu. Ashe a kan waɗannan ƙurajen dutse ke tafiya. Da filin sumul yake kamar madubi, da dutse bai yi nisa ba.

Ya kifa mini dutse guda don in ga gindinsa. Ciki ne lotsattse, siririn zobe kawai ke taɓa ƙanƙara, duk da nauyinsa na tsakanin kilo 17 da 20. Duwatsun da ake wasan Olamfik da su daga wani ƙaramin tsibiri na Sikotlan ake haƙo su, Ailsa Craig, inda ba mazauna sai tsuntsaye, kuma kamfanin Kays, wanda ke wannan sana'a tun 1851, shi ke sassaƙa su. Iri biyu ake haɗawa: wani mai ɗan kore don jikin dutsen, saboda yana jure karo, wani mai ɗan shuɗi don zoben gindi, saboda ruwa ba ya ratsa shi balle ya daskare ya fasa. Akwai kuma mahaƙar Trefor a Wales. A can Sikotlan wasan ya samo asali, har an tsinci wani tsohon dutse da aka rubuta 1511 a jikinsa, kuma 'yan ƙasar ne suka ƙetaro da wasan nan Kanada, suka kafa kulob a Montreal a 1807.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lanƙwasar. Ana sakin dutse da ɗan juyi a hankali. In ka juya shi ta hannun agogo, sai ya riƙa karkata dama yayin da gudunsa ke raguwa. Kifa kofin gilashi a kan tebur ka tura shi da irin wannan juyi, hagu zai yi. Masana kimiyya har yau suna ta muhawara a kan dalilin. Mai gyaran ƙanƙara ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi dai ya san in ya yi yayyafi da kyau, dutse na jin magana.

8 Disamba

Matsayina a ƙungiya shi ne mai buɗe fage: in jefa biyun farko, sannan in share shidan da suka rage. Da na ɗauka an ba ni wurin ne don shi ne na koma-baya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Tun 2018 dokar duniya ta ce dutsen abokin karawa da ke tsaye a gaban gida, tsakanin jan layi da da'ira, ba a korar sa daga fili sai an zo jifa na shida. Saboda haka duwatsuna masu gadi ne. In na ajiye su daidai, sauran sun sami inuwar da za su ɓuya. In na zarce suka shiga gida, an kore su nan take, turmin ya tashi fayau ba dabara.

Duk wannan magana ɗaya ce, wadda su ke kira nauyi, wato ƙarfin da ka ba dutse. Ba a hannu yake ba, a ƙafar da ta tunkuɗa yake. Da sanda na saba auna shi da saurin takuna, yanzu komai ya koma sabo. Na sayi agogon gudu na rataya a wuya. Tsakanin jan layin wannan gefe da na wancan gefe, a filinmu, dutsen da zai tsaya a cibiya kan ɗauki daƙiƙa 14 ko kusa da haka. Nawa yau: 12, 15, 13, 16, 12. Kyaftin ya kalli lambobin, ya ce aƙalla ban nuna wa kowace lamba son kai ba.

Shara kuwa, wanda ya ce wasan tsofaffi ne bai taɓa riƙe tsintsiyar ba. Kana gudu a gicciye kan ƙanƙara, ka danne da duk ƙarfin kafaɗa, kana gogawa. Gogar na ɗan ɗumama ƙurajen, dutse ya ƙara nisa da mita biyu ko uku, ya kuma rage lanƙwasa. Bayan turmi takwas rigar cikina jiƙe take sharkaf, alhali numfashina na fita kamar hayaƙi.

19 Janairu 2025

Na ƙona dutse. Haka suke faɗa in tsintsiyarka ko ƙafarka ta taɓa dutse yana tafiya.

Turmi na bakwai ne, ana kunnen doki, dutsen ƙarshe na mataimakin kyaftin. Muna tsakiyar fili sai na ji kan tsintsiyata ya ɗan gogi gefensa, ƙas, ƙarar da ni kaɗai na ji. Abokin sharata idonsa na kan gida. Babu alƙali a wasan kulob. Na yi taku biyu ina shawara da zuciyata, sannan na sa hannu na tsayar da dutsen, na ce na taɓa. Aka fitar da shi, suka ci biyu, daga ƙarshe suka ci wasan.

Ba wanda ya yaba mini, ba wanda ya harare ni. Abin da ake tsammani ke nan daga kowa, kamar mayar da canjin da mai shago ya yi maka ƙari. Wannan na daga cikin abin da ya riƙe ni a wasan. Ana gaisawa hannu da hannu kafin a fara, ba a murna in abokin karawa ya kuskure, kuma in ka ga ba ka da mafita kai za ka cire safar hannu ka miƙa masa hannu tun kafin turmi ya ƙare.

Bayan wasa ƙungiyoyin biyu kan zauna tebur ɗaya, waɗanda suka ci su saya wa waɗanda aka ci abin sha. Tun shekarar farko suka gane ni ɗan shayi ne. Yanzu kafin in zauna an ajiye mini kofi da buta.

9 Fabrairu

Matsala ta fito daga inda ba mu zata ba. Dokar hukumar duniya ta ce sai mutum ya cika 50 kafin ƙarshen 30 ga Yuni na shekarar da ta gabaci gasar. Na biyunmu, wato mai jifa bayana, a watan Agusta zai cika, makonni kaɗan bayan wa'adin. Shi da ke tsokanar mu da tsufa, yau ƙuruciya ta hana shi shiga. Mun yi shawara ko a nemi wani, kyaftin ya ce a'a, za mu jira shi shekara guda. A fili na nuna takaici. A zuci na yi hamdala, don gwiwata ta sami ƙarin wa'adi.

16 Maris

Azumi ya kai rabi. Wasanmu na bakwai na yamma ne, rana kuma na faɗuwa wajen bakwai da rabi, don haka dabino uku na cikin aljihun rigar sanyi, gorar ruwa na kan benci. Turmi biyun farko da ƙishi nake share su. Mataimakin kyaftin ya koyi duba agogo, shi ke ce mini lokaci ya yi. Ranar farko dabinon ya yi tauri don sanyi, na kusa barin haƙori a ciki, yanzu a aljihun ciki nake sa shi.

Gwiwa ta kumbura makon jiya, na je wajen mai gashin ƙashi ta asibiti. Ta sa na yi mata sulu a kan tabarmar roba, ta ce gwiwar ba ita ke da laifi ba, ƙugu ne ya ƙage, shi ya sa take karkata ciki tana ɗaukar kayan da ba nata ba. Ta ba ni motsa jiki huɗu, ta ce kada in nace sai na yi ƙasa sosai kamar samarin talabijin. Sulu a ɗan tsaye ma sulu ne.

Wani abu da ban sa a lissafi ba: tarawihin bana ban dafa bango ba ko sau ɗaya. Uwargida ta lura, amma ba ta ce komai ba, sai dai ta daina kiran abin "wasan sharar nan taku".

1 Mayu

Gani ya kori ji. Gasar duniya ta dattijai ta zo har ƙofar gida. A 2023 Gangneung ta Koriya ta Kudu aka yi ta, bara a Östersund ta Suwidin, bana kuwa Fredericton, babban birnin lardinmu, daga 26 ga Afrilu zuwa 3 ga Mayu, tare da gasar duniya ta mace da namiji bibbiyu kamar yadda aka saba haɗa su. Tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna ce. Mu huɗu muka shiga motar kyaftin da sassafe, muka wuni.

Na tafi da niyyar kallon gwiwoyi, kuma su na fara kallo. Na ga masu ɗaure da bandeji, na ga masu madogara irin tawa, na ga wata dattijuwa mai furfura fat da sulunta bai kai rabin na 'yan Olamfik ba. Tana sakin dutse sai ta dafa ƙanƙara da hannu biyu, ta miƙe a hankali kamar mai tashi daga gindin murhu. Amma dutsen ya tafi, ya zagaya bayan mai gadi, ya zauna a bakin cibiya, masu shara ko taɓa ƙanƙara ba su yi ba. Turmi na gaba ta sake yin irinsa. Na ciro agogona na auna jifanta huɗu, bambancinsu bai kai rabin daƙiƙa ba.

A nan na gane na yi wata shida ina tambayar da ba ita ba ce. Ina ta fama in yi ƙasa, in yi nisa, in yi kyan gani. Waɗannan mutane sun riga sun sallama abin da shekaru suka karɓe. Sharar tasu ba ta kai ta matasa ƙarfi ba, kuma sun sani, shi ya sa ba sa jefa dutsen da zai dogara da shara. Bugun kora mai ƙarfi ba su cika yawaita shi ba sai ya zama dole. Abin da suka riƙe shi ne nauyi da karatun ƙanƙara: wane gefe ne ya fi gudu, ina ƙurajen suka fara lallacewa bayan turmi na biyar, yaushe numfashin 'yan kallo ya canza filin. Wani kyaftin ya tsaya cikin gida ya yi shiru kusan minti guda, ya ajiye tsintsiyarsa a wurin da na rantse kuskure ne, dutse ya zo ya lanƙwasa ya faɗa daidai inda yake so. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, kuma ni ne yaron a ranar.

Wasan nasu turmi takwas ne, ba goma ba irin na manyan gasar maza da mata, kuma kowace ƙungiya na da minti 30 na tunani a agogo. Lissafin guduma, wato jifan ƙarshe, shi ke cin yawancin mintunan. Wanda ya ci maki a turmi ya rasa guduma a na gaba, don haka sau biyu na ga an fitar da dutsen ƙarshe da gangan, aka tashi ba ci, don a riƙe ta a nemi biyu.

Kada a ɗauka duka 'yan koyon tsufa ne irina. Da yawansu sun yi zamaninsu a manyan gasa kafin furfura. Sherry Anderson ta Saskatchewan, wadda ta ci wannan kofi a 2018 da 2019, ta daɗe ana damawa da ita a gasar mata ta Kanada. Mats Wranå na Suwidin ya ci na maza a 2016 da 2017, 'ya'yansa biyu kuma, Isabella da Rasmus, suna cikin manyan 'yan wasan duniya a yau. Amma gasar buɗaɗɗiya ce, duk ƙasar da ke cikin hukumar na iya turo ƙungiya, shi ya sa za ka ga gwanaye a fili ɗaya, a na kusa da su kuma mutanen da ƙasarsu ko filin kalin na kirki ba ta da shi.

A kan wannan ne na biyunmu ya sako ni gaba a hanyar dawowa. Ya ce ai Najeriya ta shiga hukumar tun 2018, ita ce ta farko a Afirka, har ta buga gasar bibbiyu a Stavanger ta Norwe a 2019, me zai hana in nemi koriyar riga in huta da layin Kanada mai tsawo? Na ce ya bari in fara tsayar da dutse biyu a wuri ɗaya tukuna, kada in je in kunyata mutum miliyan ɗari biyu.

21 Yuni

An narkar da ƙanƙara tun Afrilu, filin ya koma siminti. Motsa jikin ƙugu kullum bayan asuba, tafiya a ƙafa da yamma. Na sauke kilo huɗu, layya ta mayar da ɗaya. 'Yata ta same ni a falo da safa a kan tayil ina gwada sulu, riƙe da galan ɗin man gyaɗa a madadin dutse. Ta ce, "Baba, don Allah ka rufe labule."

12 Oktoba 2025

An zuba sabuwar ƙanƙara, mun koma. Na biyunmu ya cika 50, mun yi masa kek mai siffar dutse.

Na canza tsari bisa abin da na gani a Fredericton. Na ɗaga ƙugu, na gajarta sulu, na daina kallon ƙafata. Ina sakin dutse da kusan mita guda kafin jan layi, kuma gwiwa ba ta yi magana ba bayan turmi takwas. Lambobin yau, jifa goma na neman cibiya: bakwai sun faɗa tsakanin 13.6 da 14.3, biyu sun zarce, ɗaya ko jan layi na biyu bai ƙetare ba, aka ɗauke shi. Juyin hannun agogo ya zauna. Na kishiyarsa har yanzu ina tura dutsen waje lokacin saki, kyaftin ya ce gwiwar hannuna ke buɗewa.

Mun tsara atisaye sau biyu a mako ban da wasan kulob, da ƙananan gasa biyu na ƙarshen mako kafin sabuwar shekara, don mu saba da ƙanƙarar da ba tamu ba. Saura rigunan ƙungiya, an kasa daidaitawa kan launi. Saura kuma in canza kyallen tsintsiyata zuwa irin wanda hukumar ta amince da shi.

Sandar na ba wani sabon zuwa aro, dattijo ɗan shekara 71 da aka yi wa aikin ƙugu. Ya tambaye ni yaushe zai dawo da ita, na ce ya riƙe zuwa Disamba, in ga yadda gasar farko za ta kasance.